Muryar Waɗanda Suka Tsira: Aikin Gidajen Adana Kayan Tarihi



Tarihin da aka karantar da mu, galibinsa na sarakuna ne da yaƙe-yaƙensu. Amma akwai wani tarihin da ya fi wuyar tarawa, watau na talakan da aka yi wa kisan gilla, da na wanda Allah ya kuɓutar ya ga abin da idonsa. A kan yadda gidajen tarihi ke tara irin wannan shaida zan yi magana.

Mu fara da waje. A 1994 an kashe mutum wajen 800,000 a Ruwanda cikin kwana 100, yawancinsu 'yan Tutsi. A 2004 aka buɗe gidan tunawa a Kigali, inda aka binne fiye da mutum 250,000. A can an ajiye hotunan mamata waɗanda danginsu suka kawo, da tufafin da aka same su da su. A Amurka kuwa, gidauniyar Shoah da Steven Spielberg ya kafa a 1994 ta ɗauki bayanin mutum fiye da 50,000 a kan kisan ƙare dangin da aka yi wa Yahudawa a Turai.

Aikin yana da ƙa'ida. Da farko a nemi yardar mai ba da labari, a bar shi ya faɗi da harshensa, ba a katse shi. Sa'an nan a rubuta sunansa da ranar da wurin, a gwada maganarsa da ta wasu da kuma takardu. In ya ba da wani kaya, lalle a rubuta na wane ne, kuma yaya aka yi ya zo, domin riga ba labari tsumma ce. Daga ƙarshe sai tsaro. A ƙasarmu gara da laimar damina da ƙurar hunturu su ne abokan gābar takarda da kaset, don haka a juye su cikin kwamfuta, a ajiye a wuri fiye da ɗaya.

To, mu fa? Ku dubi Satiru, kusa da Sakkwato. Ran 10 ga Maris 1906 sojan Ingila suka kashe mutum wajen 2,000, suka baje garin. Yawancin abin da muke karantawa a kai daga rahoton waɗanda suka yi kisan ya fito. Waɗanda suka tsira duk sun ƙaura.

A nan Kano, Gidan Makama ya riƙe mana tarihin Dala da ganuwa da ƙofofi. Amma garin yana da wasu ranakun baƙin ciki. A Oktoban 1966 an kashe Ibo masu yawa a Sabon Gari da filin jirgin sama. A Disamban 1980 rikicin Maitatsine ya ci mutum 4,177 bisa lissafin hukumar binciken Mai Shari'a Aniagolu. A Mayun 2004, bayan kashe ɗaruruwan Musulmi a Yelwan Shendam, ramuwar gayya ta ci fiye da mutum 200 a Kano, har da unguwar masana'antu ta Sharaɗa. Ran 20 ga Janairu 2012 'yan Boko Haram suka kai hari hedkwatar 'yan sanda ta Bompai da wasu wurare, mutum aƙalla 185 suka rasu.

Masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa sun haɗa Bahaushe da Bayarabe da Ibo da Tibi a bakin inji guda. Tsofaffin leburorin nan shaidu ne: sun san wanda aka kashe, sun kuma san wanda ya ɓoye maƙwabcinsa. Katin aikinsu da hotunansu kayan tarihi ne. Amma saurayi ɗan shekara 20 a 1966 ya cika 80 a 2026.

Wani zai ce wannan fama tsohon miki ne. Gaskiya ne akwai haɗari, shi ya sa dole a saurari kowane ɓangare, a kuma bar mai shaida ya ce kada a buɗe nasa sai bayan ransa. Amma in aka yi shiru, jita-jita ce za ta gaji gaskiya, ita ce kuwa makamin mai neman tada sabuwar fitina.

Saboda haka ina roƙon ɗaliban tarihi na Jami'ar Bayero da ma'aikatan Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano su ɗauki rikoda su shiga unguwannin nan, tun masu maganar suna da rai.