Daga Zauren Malam Zuwa Kongo: Tarihin Karatun Shari'a a Arewa

A shekarar 1955 Jihar Arewa ta samu lauyanta na farko, Abdulganiyu Folorunsho Abdulrazaq, mutumin Ilori, wanda ya yi karatu a Ingila. Shekara 76 ke nan bayan Christopher Sapara Williams ya zama lauyan farko ɗan Nijeriya a Landan a 1879. Wanda ya dubi wannan tazara kaɗai zai zaci Arewa ba ta san karatun shari'a ba sai da Bature ya koya mata. Ba haka zancen yake ba. Lauya ne babu. Alƙalai da muftai da malaman fiƙihu kuwa, suna nan tun kafin Gwamna Lugga ya san hanyar Lakwaja.

Makarantarsu ita ce zauren malam. Yaro ya sauke Alƙur'ani, ya shiga littattafai: Ahalari da Ishmawi da Iziyya, sannan Risala ta Ibn Abi Zaid, sannan Askari. Wanda ya yi nisa ya kama Muhtasar na Halil, littafin da ɗalibi kan shafe shekaru yana fama da dunƙulallun jimlolinsa, ya haɗa da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, wadda ke koyar da yadda ake sauraron ƙara, da wanda za a nemi shaida a wurinsa, da wanda za a ba rantsuwa. Babu jarrabawa, babu takardar shaida irin ta yau. Malami ne ke cewa wane ya isa, gari kuma ya yarda. Shugabannin jihadi sun ba wannan fanni muhimmanci ƙwarai. A Kano Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Liya'ul Hukkam, bisa roƙon mutanen garin da ke neman a nuna musu yadda ake mulki da hukunci. Daga baya alƙalanci ya zama gadon wasu gidaje, ɗa ya koya a gefen buzun ubansa, ya fara da rubutu, ya zama muhuti, wata rana ya hau kujerar.

Da Turawa suka ci ƙasar a 1903 ba su rushe kotunan alƙalai ba, don ba su da mutanen da za su maye gurbinsu. Sun hana yanke hannu da jifa, sun ce duk hukuncin da ya saɓa wa abin da su suke kira adalci ba zai zartu ba, sun sa Razdan da Di'o suna duba littafin kotu. Sauran kuwa suka bar shi a hannun sarakuna da En'e. Har wani jami'insu, F. H. Ruxton, ya fitar da taƙaitaccen Muhtasar da Turanci a 1916 domin 'yan uwansa su san abin da alƙalan ke hukunci da shi. Akwai kuma wata doka da ta yi tasiri fiye da yadda ake zato: an hana lauya tsayawa a gaban alƙali. Tun da mafi yawan shari'un talakawa a can ake yin su, me zai sa uba ya kashe dukiya ya tura ɗansa Ingila ya koyo sana'ar da ba ta da kasuwa a garinsu? Wannan, tare da ƙarancin makarantun boko, shi ne asalin waccan tazara.

A Kano aka fara mayar da karatun alƙalanci cikin aji. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero aka buɗe makarantar Shahuci a 1928, sannan a 1934 aka kafa Makarantar Shari'a ta Lardunan Arewa, wadda ke ɗaukar ɗalibai daga masarautu daban-daban. Malamanta na farko daga Sudan aka ɗauko su, ƙarƙashin Shaihu Bashir al-Rayyah. Zaɓen Sudan ba haɗari ba ne. Mazhabar Malikiyya ce ta yaɗu a can kamar nan, hanyar alhazanmu ta nan take bi, kuma Ingilishi sun riga sun gwada horar da alƙalai a Kwalejin Gordon da ke Hartum. Ga kuma abin da ba a cika faɗa a fili ba: sun fi natsuwa da Sudan da ke hannunsu a kan Azhar ta Masar, inda suke tsoron ɗalibi ya kwaso siyasa tare da ilmi. A 1947 aka sauya wa makarantar suna ta koma Makarantar Nazarin Larabci, wadda Kanawa suka fi sani da SAS, aka faɗaɗa aikinta ya haɗa da horar da malaman makaranta.

A wannan makaranta Abubakar Mahmud Gumi ya yi karatu, ya gama a 1947. A tsakiyar shekarun 1950 aka tura shi Bakht al-Ruda a Sudan tare da wasu matasa, cikinsu da Haliru Binji da Hassan Gwarzo da Shehu Galadanci. Duk wanda ya san tarihin kotunan Arewa ya san inda waɗannan sunaye suka kai.

Amma a shekarar da Gumi ya gama karatu, wata shari'a ta girgiza tsarin baki ɗaya. Kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa wani mutum mai suna Tsofo Gubba hukuncin kisa saboda ya kashe rai da gangan. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin, bisa hujjar cewa a dokar laifuka ta Turawa wanda aka tunzura har ya yi kisa ba a kashe shi. A fiƙihun Malikiyya kuwa tunzurawa irin wannan ba ta kawar da ƙisasi. Sarakuna da alƙalai suka fusata, suna ganin an mayar da littattafansu abin wasa. Aka yi ta gyaran doka ana sake gyarawa, har aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Musulmi a 1956, amma tambayar ba ta gushe ba: mutum biyu su aikata laifi iri ɗaya a lardi ɗaya, a kashe ɗaya a bar ɗaya, don kawai kotun da aka kai su ta bambanta?

Da mulkin kai ya ƙarato sai maganar ta zama ta siyasa zalla. Ƙananan ƙabilu sun kai kukansu gaban Hukumar Willink, Ingila kuma ta nuna cewa sai an daidaita sha'anin kotuna. Sardauna Ahmadu Bello ya tura wakilai Libiya da Pakistan da Sudan su ga yadda ƙasashen Musulmi suka yi da nasu, sannan a 1958 ya kira kwamitin masana shari'a. Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, shi ya shugabance shi. Akwai Mai shari'a Muhammad Sharif daga Pakistan, da Farfesa J. N. D. Anderson daga Jami'ar Landan, da 'yan gida uku: Wazirin Borno Shettima Kashim, da Peter Achimugu, da Malam Musa, babban alƙalin Bida. Shawararsu ce ta haifi kundin laifukan da ake kira Final Kod, wanda aka ɗora a kan na Sudan, shi kuma na Sudan ya samo tushe daga na Indiya na 1860. Ya fara aiki ranar 30 ga Satumba 1960, jajibirin 'yancin kai. An bar wa shari'ar Musulunci aure da saki da gado da wasiyya da sauran mu'amala, aka kafa mata Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Shaihu Awad, wani Basudane da ya shugabanci SAS, shi ya fara riƙe ta, Gumi ya gaje shi a 1962.

A nan ne tarihin karatun ya juya. An wayi gari da ɗaruruwan alƙalai, wasu dattawa masu furfura da suka haddace Tuhfa, an miƙa musu sabon kundi mai sassa da lambobi an ce da shi za su yi hukunci. Dole a koyar da su, kuma cikin gaggawa. Aka ɗora wannan nauyi a kan Cibiyar Koyon Aikin Mulki da ke Kongo a Zariya, wadda ta faro a matsayin makarantar horar da akawu. Aka fassara kundin zuwa Hausa, aka riƙa kawo alƙalai da ma'aikatan kotu rukuni-rukuni suna kwas na 'yan watanni. Da farko ma doka ba ta ce lallai alƙali ya bi kundin harafi da harafi ba, ta ce ya zama jagora gare shi, har hannunsa ya faɗa. Wannan sassauci hikima ce, kuma wani Bature mai suna S. S. Richardson, wanda ya yi aiki a Sudan kafin ya zo Arewa, yana cikin waɗanda suka tsaya a kan aikin har ya shugabanci cibiyar.

A Kongo ɗin dai aka buɗe wata ƙofa ta biyu: a shirya samari 'yan boko su ci kashin farko na jarrabawar lauyoyin Ingila a gida, sannan su ƙarasa a Landan. Ta wannan ƙofa Muhammadu Lawal Uwais ya bi, ya zama lauya a 1963, ya kuma riƙe kujerar Babban Jojin Nijeriya daga 1995 zuwa 2006. Kafin shi Mamman Nasir da Muhammadu Bello, dukansu mutanen Katsina, sun riga sun dawo daga Ingila a matsayin lauyoyi a tsakiyar shekarun 1950. Aloma Mariam Mukhtar ta biyo baya a 1966, mace ta farko daga Arewa da ta zama lauya, ita ce kuma mace ta farko da ta shugabanci Kotun Ƙoli a 2012.

Ita ma tarayya ta gaji da tura 'ya'yanta Ingila su koyo dokar ƙasar da ba tasu ba. Kwamitin Unsworth na 1959 ya ba da shawarar a riƙa yin digiri a jami'o'in gida, sannan a wuce wata makaranta a koyi aikin a aikace. Dokar 1962 ta tabbatar da haka, Makarantar Horar da Lauyoyi ta buɗe a Titin Igbosere a Legas a Janairun 1963 da ɗalibai 8 kacal. Yau hedkwatarta na Bwari kusa da Abuja, tana da rassa har da na Bagauda a Kano da na Yola. Jami'ar Ahmadu Bello, da aka kafa a 1962, ta gaji sashen shari'a na Kongo, ta ƙara da Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci a 1966. Bayan soja sun karɓe kotuna daga hannun sarakuna da En'e tsakanin 1967 da 1968, alƙali ya zama ma'aikacin gwamnatin jiha, takardar difloma ta fara maye gurbin shaidar malami. Daga nan jihohi suka shiga kafa kwalejojin shari'a da nazarin addinin Musulunci, irin ta Aminu Kano a Kano, da ta A. D. Rufa'i a Misau, da ta Muhammad Goni a Maiduguri.

Babban abin da Arewa ta ƙirƙira a wannan fage shi ne digirin da ya haɗa dokar da aka gada daga Ingila da shari'ar Musulunci a takarda guda. Zariya ta fara, Jami'ar Bayero da ta Usmanu Danfodiyo da ta Maiduguri da ta Ilori suka bi. Ibrahim Tanko Muhammad, wanda ya zama Babban Jojin Nijeriya a 2019, ta ɓangaren shari'ar Musulunci ya yi digirinsa a Zariya. Tsarin mulkin 1999 ma ya tanadi cewa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙasa ta ƙunshi aƙalla alƙalai 3 masana wannan fanni. Da Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a Gusau a Oktoban 1999, jihohi 11 suka bi ta, laifukan da aka cire daga hannun fiƙihu a 1960 suka dawo, buƙatar mai ilmin ɓangarorin biyu ta ƙaru. Ƙararrakin da aka rushe a kotunan sama a shekarun farko sun nuna cewa an gaggauta yin doka fiye da yadda aka gaggauta horar da masu zartar da ita.

Ɗalibin yau yana da hanyoyi a gabansa. Zai iya shiga jami'a ta jarrabawar JAMB ya yi shekara 5, ko ya yi difloma ya nemi shiga aji biyu kai tsaye. Zai zaɓi dokar zamani zalla ko wadda aka haɗa da shari'a. Kowacce ya bi, ba zai sa baƙar riga ya tsaya gaban kotu ba sai ya ƙara shekara guda a Makarantar Horar da Lauyoyi. A nan iyaye ke yawan faɗawa rami: Majalisar Kula da Ilmin Shari'a tana ware wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka, kuma ba kowane sashen shari'a ta amince da shi ba. Yaron da ya yi karatu inda ba a amince ba, ko inda aka ɗauki fiye da ƙa'ida, yana iya gamawa ya zauna jiran gurbi shekara da shekaru.

A ganina haɗin da aka fara a Kongo bai kammala ba. Ɗalibai da yawa suna gama digirin haɗaka ba su iya buɗe Muhtasar su karanta shafi guda da Larabci ba, sai abin da aka taƙaita musu da Turanci. Masu Larabcin kuma, 'yan kwalejojin shari'a da zaurukan malamai, sau da yawa sharaɗin cin Adabin Turanci ke tare su a ƙofar jami'a. Shekarar ƙarshe ta horon lauyoyi ta fi karkata ga yadda ake shari'a a babbar kotu da rajistar kamfani da cinikin filaye, alhali rigimar gado da aure da gona ta yawancin mutanenmu a gaban alƙali take ƙarewa, da Hausa kuma ake yin ta. Waɗanda suka fassara Final Kod sama da shekara 60 da suka wuce sun gane haka. Ya kamata jami'o'in Arewa su ƙarfafa Larabci a sassan shari'arsu, su kuma koyar da ɗalibi yadda zai yi wa mai ƙara bayanin doka da harshen da yake ji. Iyaye kuma, kafin ku biya kuɗin rajista, ku tambayi jami'ar ko an amince da sashenta, da adadin ɗaliban da aka ware mata.