Keke, Burji da Bakin Dam: Waiwaye Kan Hanyoyinmu na Gwarzo da Kabo

 

A garin Emporia da ke jihar Kansas ta Amurka akwai wata gasar tseren keke da aka fara a 2006 da mutum 34 kacal. Yau dubban mutane ne ke biyan kuɗi don su shiga, su tuƙa keke mil 200, wato kimanin kilomita 320, a kan hanyar tsakuwa. Abin ya bunƙasa har hukumar tseren keke ta duniya ta shirya gasar cin kofin duniya ta irin wannan hanya karo na farko a Italiya a 2022. Ko a nan Afirka, Kenya na da tata gasar a yankin Masai Mara. Abin da masu wannan sha'awa ke nema shi ne hanyar da ba kwalta, ba hayaniyar motoci, mai tudu da gangare, wadda ta ratsa gonaki ta biyo bakin tafki.

Da muka karanta wannan siffa sai dariya ta kama mu, domin kamar hanyoyin Mainika ake kwatantawa. Duk wanda ya fita ta Ƙofar Kabuga ya bi titin Gwarzo, ya wuce Rimin Gado, sannan ya sauka daga kwalta a ƙasar Kabo ko ta Gwarzo, abin da zai tarar ke nan: jan burji, hawa da gangara, kuka da ɗorawa, can kuma ga ruwan dam yana ƙyalli. Bambancin kawai, su nishaɗi ya kai su, mu kuwa neman abinci. Shi ya sa muka ga ya dace mu waiwayi yadda keke ya zo waɗannan hanyoyi, da yadda muka wayi gari muna jin kunyarsa.

Keken da muka sani, mai tayoyi biyu kai ɗaya da sarƙa, John Kemp Starley ne ya fito da shi a Coventry ta Ingila a 1885. Shekara uku bayan haka John Boyd Dunlop ya kawo tayar da ake hura wa iska. A daidai wannan tsakanin ne kuma aka kafa kamfanin Raleigh a Nottingham, sunan da har gobe dattawanmu ke ambata da girmamawa. A ƙasar Kano kuwa, lokacin jaki ne da takarkari da ƙafa. Hanyoyin da ke tsakanin Getso, Kutama, Lakwaya da Mainika sawun 'yan kasuwa da dabbobinsu ne ya fitar da su tun kafin Turawa su ci Kano a 1903.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma daga 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe. Hanyar da gyaɗa ta bi ta fita, ita keke ya biyo ya shigo, ta kantunan kamfanonin Turawa. Da farko abin hawan ma'aikatan En'e ne da masu hali: malamin haraji, malamin gona, duba-gari, masinjan hakimi. Sannu a hankali manomin da ya sayar da gyaɗarsa da daraja shi ma ya fara dawowa gida da nasa. Hukuma ta ga abin ya yawaita har ta sanya masa lasin, mai keke ya biya a ba shi lamba ya maƙala. Kasuwar ta kai girman da Raleigh ya buɗe masana'antar haɗa keke a Bompai cikin birnin Kano.

Dattawanmu kan ce a zamaninsu abu uku ke nuna saurayi ya isa: keke, agogo da rediyo. Ana naɗe sandar keke da leda mai launi, a sa masa madubi biyu da ƙararrawa da fitila mai aiki da juyawar taya. In ruwa ya kawo a rafi, mai keke ne zai saɓa shi a kafaɗa ya haye, don kada laka ta taɓa shi. Akwai masu ba da haya da awa, inda yaro zai zura ƙafa ta ƙarƙashin sanda ya koyi tuƙi, ya sha faɗuwa ya tashi. Har siyasa ta ci moriyarsa, domin bayan kafa NEPU a 1950, a kan keke 'yan jam'iyyu da dama suka riƙa kutsawa ƙauyukan da mota ba ta zuwa.

Sai zamanin gyaɗa ya juya baya. Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974 ya gigita manoma, cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 ta ƙarasa abin da ya rage, dalar gyaɗa ta zama tarihi. Amma a wannan tsakanin ne aka shuka abin da ya sake fasalin yankinmu. Gwamnatin Audu Bako, wanda ya mulki jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ta ɗauki aikin datse ruwa da muhimmanci. An kammala Tiga a 1974, sannan hukumar WRECA ta ci gaba da gina matsakaitan madatsu, waɗanda suka haɗa da Watari a Bagwai, Magaga da Guzuguzu a ƙasar Kabo, da Fada a ƙasar Gwarzo. Daga baya aka kammala babbar madatsar Challawa a Ƙaraye a 1992.

Ashe tafkunan da muke gani yau ba su girmi iyayenmu ba. Da hannu aka yi su, wasu kuma sun haɗiye gonaki da kufai kafin su zama abin amfani. Da zuwansu aikin keke ya sauya. Wanda ke ɗaukar malamin haraji jiya, yau shi ke ɗaukar kwandon tumatir da attaruhu da albasa daga lambu zuwa bakin titi. Mai kifi ya ɗaure kwandonsa a kariya tun asuba, mai rake ya jera damminsa, ɗan makarantar kwana ya tafi a bayan yayansa da akwati a cinya. Lokacin da Raleigh ya yi tsada, kekunan Sin irin su Phoenix da na Indiya suka cike gurbin. Kusan kowace inuwar bakin kasuwa ta sami mai faci da famfonsa da kwanon ruwan gwada tib.

To ina aka sami matsala? Bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 mota ta fi ƙarfin talaka, babur ya shiga tsakani, acaɓa ta zama sana'a. Da babura masu sauƙin kuɗi suka cika kasuwa, sai keke ya koma alamar rashi. Mu da muka taso a wannan zamani shaida ne. Mun ga saurayin da ya gwammace ya ranci kuɗin acaɓa da ya je zance a kan keken mahaifinsa. Mun ga Raleigh mai lafiya an jingine shi a zaure har tsatsa ta cinye, daga ƙarshe aka auna wa 'yan gwangwan. Masu gyara da yawa suka koma babur, waɗanda suka iya ɗaure waya su miƙe ƙafar keke kuwa suna ta ƙarewa.

Sai ga 29 ga Mayun 2023, ranar da aka sanar da janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Nan da nan aka shiga zaure ana kakkaɓe ƙura. Malamin makaranta da ma'aikacin asibiti suka koma kan feda, ba don sun karanta amfaninta ga lafiya ba, sai don aljihu ya yi magana. Da tsohuwar zuma ake magani.

Kada a fahimce mu a baibai. Ba muna cewa a bar ƙauyukanmu ba kwalta don baƙi su zo yawon shaƙatawa ba. Hanyar da ke da daɗin keke da hantsin hunturu, ita ce ke hana mai naƙuda isa asibiti a watan Agusta, in zaizaya ta yanke ta ko kwalbati ya rufta. Wanda ya taɓa tura keke da buhun masara a cikin taɓo ba zai yi wa burji kirari ba. Abin da muke cewa shi ne hanyar burjin da ake kula da ita, ana zuba mata marmara, ana gyara magudanarta, dukiya ce. Haka dam ɗin da aka hana yashi cike shi. Abin da wasu ke ƙetare teku su nema, mu a ƙofar gida yake, kar mu zama kazar da ta kwana kan dami da yunwa.

Saura aiki biyu a wuyanmu. Na farko na marubuta ne. Dattawan da suka sayi lasin keke, suka ga ranar da aka fara tare ruwan Magaga da Guzuguzu, suna nan da sauransu amma kullum raguwa suke. Mu je mu zauna da su, mu naɗi muryarsu, mu rubuta nawa suka sayi kekensu na farko da kuma wace gona ce ruwa ya ci. Na biyu na matasa ne. Me zai hana ƙungiyoyinmu su ware rana guda bayan kaka, ko 3 ga Yuni da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa keke tun 2018, a taru a tuƙa daga Mainika zuwa bakin dam, a rubuta duk inda hanya ta lalace a miƙa wa ƙaramar hukuma?

Wanda ke da tsohon keke a gidansu, ya gaya mana sunansa da shekarar da aka saye shi. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu dace. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.