Maniyyin Wani da Tambayar Nasaba

A shekara ta 1884, wani likita a Filadalfiya ta Amurka, William Pancoast, ya sa wa wata mata maniyyin ɗalibinsa domin mijinta ba ya haihuwa. Ba a shawarce ta ba. Sai a 1909 labarin ya fito. Da ɓoye aka fara wannan aiki.

A 1953 Jerome Sherman ya nuna ana iya daskarar da maniyyi, daga baya kuma ya ba da ciki. Da haka ciniki ya buɗe. Yau masu saye sukan tanadi kwalabe da dama daga mutum guda, domin gwaji ɗaya ba kullum yake kamawa ba, kuma suna so 'ya'yansu su zama uba ɗaya. Ashe lissafin kwalabe lissafin nasaba ne.

Kwamitin Babban Bishop na Kantabari ya ƙi wannan hanya a 1948, Ikilisiyar Katolika a 1987. Fatawar Azhar ta 1980 ta yarda da dashen ciki tsakanin miji da mata kaɗai. Ingila, da ta halatta shi, ta ba yaro ikon sanin mahaifinsa daga 2005.

A Maradun da Bakura, magidancin da bai haihu ba yakan riƙi ɗan ɗan'uwansa, kowa kuwa ya san uban. Idan ma'aurata suka zo mana da wannan tambaya, kada mu fara da farashi. Mu tambaye su: me za ku faɗa wa yaron ran da ya nemi asalinsa?