Shinkafa da Kujerar Majalisa: Agajin Kambodiya Bayan 1979

Ranar 7 ga Janairun 1979 sojojin Biyetnam suka shiga Phnom Penh, babban birnin Kambodiya, suka fatattaki gwamnatin Khmer Rouge ta Pol Pot, suka ɗora Heng Samrin. Jama'ar da aka daɗe ana bautarwa a gonakin gwamnati suka bazama neman garuruwansu da sauran danginsu. Damina ta faɗi babu iri, babu shanun huɗa, babu mai zama ya yi dashe. Kafin Oktoba dubbai suna isa iyakar Tailan, fata da ƙashi, ga zazzaɓin cizon sauro.

Hujjar wannan maƙala ita ce, rigimar wace gwamnati ce halattacciya ta fi yunwa tasiri wajen raba abincin agaji.

Sabuwar gwamnatin Phnom Penh ta gindaya sharaɗi: duk mai son shigo da agaji kada ya ciyar da mutanen kan iyaka, domin a ganinta maƙiyanta ne ke can. Ƙungiyar agaji ta Oxfam ta amince. UNICEF da ƙungiyar Red Cross ta duniya suka ƙi, suka dage sai sun yi aiki a ɓangarorin biyu. A ƙa'ida su ne da gaskiya, kuma aikin kan iyaka ya ceci rayuka. An buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Khao-I-Dang a Nuwamban 1979. A sansanin Nong Chan kuwa manoma kan zo da kekuna da amalanke su karɓi shinkafa da iri su koma gida, wanda a ganina shi ne mafi hikimar abin da aka yi, tunda bai raba manomi da gonarsa ba.

Sai dai wasu sansanonin suna hannun mayaƙan Khmer Rouge, kuma shinkafar agaji ta taimaka musu suka farfaɗo bayan sun kusa mutuwa murus. Wannan ba ɓoyayyen abu ba ne ga Tailan, ko Sin, ko Amurka. Su ne kuma suka tsaya kai da fata har Majalisar Ɗinkin Duniya ta bar kujerar Kambodiya a hannun mutanen Pol Pot, daga 1982 kuma a hannun ƙawancen da suke ciki. Sakamakon haka, miliyoyin da ke cikin ƙasar suka samu agajin gaggawa kawai daga Majalisar, aka hana su tallafinta na gyara madatsun ruwa da asibitoci har tsawon shekara goma.

Za a ce mamaya mamaya ce, kuma amincewa da ita buɗe ƙofar ɓarna ne. Haka ne, Phnom Penh ma ta fifita ma'aikatanta wajen rabo. Amma ana iya barin kujerar babu kowa, a ƙi Biyetnam ba tare da an rungumi masu kisan kiyashi ba. Biyetnam ta janye a 1989, kuma sai a 1992 da 1993 aka mayar da 'yan gudun hijira kimanin 360,000 gida. Ƙasashen da suka ba da abincin suna da kaso babba a alhakin wannan jinkiri.