Tsige Gwamna a Najeriya: Daga Balarabe Musa Zuwa Ladoja

Kundin tsarin mulki na 1979 ne ya raba Najeriya da gwamnatin firaminista irin ta Ingila, ya kawo ta shugaba mai cikakken iko irin ta Amurka. An raba iko gida uku, ɓangaren zartarwa da majalisa da kotu, aka bai wa kowane damar taka wa ɗan'uwansa birki. Gwamna ba ya naɗa kwamishina sai da yardar majalisar jiha, ba ya taɓa kuɗin gwamnati sai ta amince da kasafi, in ta kama kuma tana iya tsige shi.

Tsohuwar Jihar Kaduna, lokacin Katsina na cikinta, ita ta fara ganin kaifin wannan makami. A zaɓen 1979 Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na jam'iyyar PRP ya ci kujerar gwamna, amma jam'iyyar NPN ta kwashe mafi yawan kujerun majalisa. Gwamnan ya soke haraji da jangali, abin da ya faranta wa talakawa rai, ya kuma ɓata wa masu cin moriyar tsohon tsari. Duk sunayen kwamishinonin da ya aika sai majalisa ta yi watsi da su, ya sake aikawa, ta sake mayar masa. Haka ya shafe fiye da shekara ɗaya da rabi yana tafiyar da jiha ba kwamishina ko ɗaya. Ranar 23 ga Yuni, 1981, majalisa ta tsige shi, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya hau kujerar. Shi ne gwamnan farar hula na farko da aka tsige a ƙasar.

Inda gizo ke saƙar shi ne sashe na 170 na kundin 1979. Kakakin majalisar da ke tuhumar gwamna shi ke zaɓo mutum bakwai da za su binciki zargin, wato mai ƙara ne ke zaɓen alƙali. Sashen ya kuma hana kotu tsoma baki, don haka da Balarabe ya garzaya kotu, sai aka ce masa wannan ba huruminta ba ne. Birkin da aka yi don hana zalunci ya koma sandar dukan abokin hamayya.

Kundin 1999 ya ɗan gyara: a sashe na 188, babban jojin jiha ne ke naɗa kwamitin binciken, kuma kamar dai a kundin 1979, sai kashi biyu bisa uku na 'yan majalisa sun amince kafin a tsige gwamna. Wannan bai hana guguwar tsigewa ta 2006 ba. A Oyo, 'yan majalisa 18 daga cikin 32 suka taru a wani otal a Ibadan suka shirya cire Gwamna Rashidi Ladoja, aka kuma cire shi a watan Janairu. Kafin shekarar ta ƙare an yi wa Peter Obi na Anambara da Joshua Dariye na Filato irin haka, shi Dariye ma 'yan tsiraru ne suka yi zaman, jami'an tsaro na gadinsu.

A wannan karon kotu ba ta naɗe hannu ba. A shari'ar Ladoja, Kotun Ƙoli ta yanke cewa kariyar da kundin ya bai wa majalisa ba ta aiki sai an bi matakan da doka ta gindaya ɗaya bayan ɗaya, kuma zaman otal ba zaman majalisa ba ne. Duka ukun sun koma kujerunsu.

Sai dai gyaran kotu tafiyar hawainiya yake yi. Ladoja ya yi asarar wata 11 na wa'adinsa, kuma ba a biya shi ko kwana ɗaya ba. Hukuncin Dariye ya fito ne a ƙarshen Afrilun 2007, bayan an gama zaɓen wanda zai gaje shi, saura masa kusan wata guda ya miƙa mulki ranar 29 ga Mayu.