Dokar Hecht da Calandra ta 1971: Cancanta da Launin Fata a Manyan Makarantun Sakandare na Birnin New York

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin wata gardama da aka fi shekara hamsin ana yi a birnin New York na ƙasar Amurka, watau gardamar yadda ya kamata a zaɓi yaran da za su shiga wasu makarantun sakandare na gwamnati waɗanda ba kowa suke ɗauka ba. Makarantun kyauta ne, da kuɗin harajin jama'a ake tafiyar da su, amma ƙofar shigarsu ɗaya ce tak, ita ce jarrabawa. A shekarar 2019, cikin yara 895 da aka bai wa gurbi a Stuyvesant, wadda ta fi duka wuyar shiga, 7 ne kaɗai baƙar fata. Wannan kuwa a birnin da baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka suka kai kimanin kashi biyu cikin uku na ɗaliban makarantun gwamnati. Masu sukar jarrabawar suka ce ga shaidar wariya a fili, masu kare ta kuma suka ce jarrabawa ba ta san launin kowa ba. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa a nan shi ne, tarihin makarantun bai gaskata ko ɗaya daga cikin ɓangarorin baki ɗaya ba, domin wannan hanyar zaɓen ce dai ta taɓa cika ɗaya daga cikin makarantun da baƙar fata, kafin daga baya su ɓace daga cikinta.

Makarantun asali guda uku ne. An buɗe Stuyvesant a 1904 don koya wa yara maza sana'o'in hannu, sa'an nan Brooklyn Technical a 1922, sai Bronx Science a 1938. A hankali suka zama matattarar haziƙan 'ya'yan baƙin haure, musamman Yahudawan gabashin Turai, waɗanda iyayensu ba su da halin biyan kuɗin makarantun masu hannu da shuni. Tsofaffin ɗaliban Bronx Science kaɗai mutum 9 ne suka sami kyautar Nobel, ta bayan nan ita ce Claudia Goldin a fannin tattalin arziki a 2023. A nan ne kuma Stokely Carmichael, wanda daga baya ya koma ƙasar Gini da sunan Kwame Ture, ya gama sakandare a 1960. Yana da kyau mai karatu ya lura cewa ko a zamanin da ake yi wa kirari da zamanin cancanta zalla, rabin yaran birnin ba su da damar zama wa jarrabawar Stuyvesant ko da sun fi kowa ƙwaƙwalwa, domin makarantar ba ta ɗauki mata ba sai a 1969, bayan da wata yarinya mai suna Alice de Rivera ta kai ƙara kotu.

Ba za a fahimci dokar 1971 ba sai an dubi hargitsin da ya gabace ta. A 1967 aka ba mazauna unguwar Ocean Hill-Brownsville, waɗanda akasarinsu baƙar fata ne, ikon gudanar da makarantun unguwarsu a matsayin gwaji. A 1968 hukumar unguwar ta sallami wasu malamai da jami'ai, mafi yawansu Yahudawa, ƙungiyar malamai ƙarƙashin Albert Shanker ta shiga yajin aiki har sau uku, makarantun birnin suka yi kwanakin karatu 36 a rufe. Wannan rigima ta ɓata tsakanin baƙar fata da Yahudawa, waɗanda a da suke tafiya tare a gwagwarmayar neman 'yanci. Kafin ƙura ta lafa, a 1969 ɗalibai baƙar fata da 'yan Puerto Rico suka mamaye harabar City College, kwalejin da ake kira Harvard ta talakawa, suna neman a buɗe musu ƙofa. A 1970 jami'ar birnin ta soma ɗaukar duk wanda ya gama sakandare a birnin. Iyaye da tsofaffin ɗaliban makarantun nan uku suka ga gemun ɗan'uwansu ya kama da wuta.

A farkon 1971 Alfredo Mathew, shugaban makarantun wata gunduma a Manhattan, ya zargi jarrabawar Bronx Science da cewa an gina ta bisa al'adun wani jinsi, tana kuma tankaɗe baƙar fata da 'yan Puerto Rico. Shugaban hukumar makarantun birnin, Harvey Scribner, ya ce zai kafa kwamitin da zai bincika zargin. Bincike kawai ya ambata, bai ce zai soke kome ba. Amma magoya bayan makarantun ba su jira sakamako ba, sai suka garzaya Albany, inda majalisar dokokin jihar take. 'Yan majalisa biyu daga Bronx, Burton Hecht na jam'iyyar Democrat da John Calandra na Republican, suka gabatar da ƙudurin da ya tanadi cewa ba za a ɗauki ɗalibi a waɗannan makarantu ba sai ta hanyar jarrabawar gasa kaɗai. Cikin 'yan watanni majalisar ta zartar, Gwamna Nelson Rockefeller ya sa hannu. Dokar ta bar wata 'yar taga da ake kira shirin Discovery, inda yaro ɗan talaka da ya kasa kai makin da aka yanke da kaɗan zai iya shiga bayan ya yi karatun share fage a lokacin hutu.

A ganina, muhimmin abin da wannan doka ta yi shi ne ta ƙwace maganar daga hannun masu tafiyar da ilmin birnin ta ɗaure ta a majalisar jiha. Tambayar da Mathew ya yi, ko jarrabawar tana auna abin da ake cewa tana aunawa, tambaya ce ta masana awon ilmi, kuma ana iya amsa ta ta kowace fuska. Majalisa ta amsa ta da ƙuri'a tun kafin a bincika. Tun daga ranar, ma'anar cancanta a waɗannan makarantu ta zama makin da yaro ɗan shekara 13 ya samu cikin kimanin awa uku, a Ingilishi da lissafi, a rana ɗaya. Ba a duba sakamakonsa na aji, ba a neman shaidar malaminsa, ba a ganawa da shi. Lalle wannan tsari yana da wani alheri da bai kamata a raina ba, ko da yake masu sukarsa ba su cika son ambatonsa ba: ɗan magajin gari da ɗan mai wankin kwanuka layi ɗaya suke bi, kuma babu wanda zai kai wa shugaban makaranta gaisuwa da dare. Duk wanda ya san yadda alfarma take cin gurabe zai gane darajar wannan.

To, a nan ne tarihin ya ɗauki wata hanya da ba a zata ba. Shekarun da suka biyo bayan dokar ba su kori baƙar fata ba. A tsakiyar shekarun 1970 sun haura kashi 10 cikin ɗari na ɗaliban Stuyvesant. A Brooklyn Technical kuwa, wadda ta fi sauran girma, baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka sun fi rabin ɗalibai a shekarun 1980. Raguwar ta soma ne sosai daga shekarun 1990, ta kuma ci gaba ba ƙaƙƙautawa, har yawan baƙar fata a Stuyvesant ya koma kashi 1 cikin ɗari. Dokar ba ta sake ba a duk tsawon wannan lokaci. Idan jarrabawar ce kaɗai sanadi, me ya sa ba ta yi wannan aiki a 1975 ba?

Abubuwa da dama ne suka sake a kan hanyar da take kai yaro zauren jarrabawar. A da, kusan kowace makarantar midil a birnin, har da na unguwannin talakawa, tana da ajin haziƙai inda ake gaggauta musu karatu, a koya musu aljabara da wuri. Waɗannan azuzuwa ne suka riƙa tura 'ya'yan Harlem da Bedford-Stuyvesant zuwa manyan makarantun. Sai aka yi ta rufe su, wani wuri saboda ƙarancin kuɗi tun bayan da birnin ya kusa tsiyacewa a 1975, wani wuri kuma saboda ra'ayin masana ilmi na cewa ware yara bisa hazaƙa wariya ce. Abin takaici shi ne, a unguwannin masu hali iyaye sun tsaya kai da fata azuzuwan suka tsira, a unguwannin talakawa ne suka mutu. Bugu da ƙari, wasu ƙungiyoyin agaji sun riƙa tsince haziƙan yara baƙar fata suna kai su makarantun kuɗi.

A ɗaya ɓangaren kuma, dokar shige da fice ta 1965 ta buɗe ƙofar Amurka ga mutanen Asiya. Sinawa da 'yan Koriya, daga baya kuma 'yan Indiya da Bangaladash, suka cika unguwanni kamar Flushing da Sunset Park. Da yawansu talakawa ne, direbobin tasi da masu aikin gidajen abinci, waɗanda suka fito daga ƙasashen da jarrabawa ce take yanke wa yaro makoma. Suka kafa makarantun lesin, suna tsimin kuɗi suna tura 'ya'yansu tun shekara biyu ko uku kafin ranar. A 2019 'ya'yansu sun ɗauki fiye da rabin guraben makarantun takwas da suke amfani da jarrabawar, domin an ƙara biyar tsakanin 2002 da 2006. Saboda haka gardamar da ta soma tsakanin farar fata da baƙar fata ta rikiɗe ta zama tsakanin marasa rinjaye biyu, kowannensu yana da tarihin wulaƙancin da aka yi masa a ƙasar.

Wannan ne ya kayar da yunƙurin Magajin Gari Bill de Blasio a 2018, sa'ad da ya nemi a soke jarrabawar a hankali, a riƙa ɗaukar kashi 7 cikin ɗari na sahun gaba daga kowace makarantar midil. Iyaye 'yan Asiya suka fito zanga-zanga suna cewa ba a ko shawarce su ba, ƙudurin kuma ya mutu a Albany. Abin da ya iya yi da ikonsa shi ne faɗaɗa shirin Discovery zuwa kashi 20 cikin ɗari na gurabe, shi ma aka kai shi kotu. Sauran garuruwa sun bi ta wasu hanyoyi. A Boston, kotu ce ta tilasta ware kashi 35 cikin ɗari na guraben Boston Latin ga baƙar fata da 'yan Latin Amurka bayan hukuncin Alƙali Garrity na 1974, kotu ce kuma ta haramta duba launi a wurin a 1998. Makarantar Thomas Jefferson ta jihar Virginia ta soke jarrabawarta a 2020, yawan 'yan Asiya da aka ɗauka ya faɗo daga kimanin kashi 73 zuwa 54, kuma a 2024 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙarar iyayen da suka ƙalubalanci hakan.

Mai karatu a Nijeriya ba baƙo ba ne ga irin wannan muhawara, ko da yake mu jihar asali muke dubawa, kuma hanyar da muka bi kishiyar ta New York ce. Kwalejojin Gwamnatin Tarayya, waɗanda aka soma da uku a Sakkwato da Warri da Okposi a 1966, ana raba gurabensu ne tsakanin jihohi, kowace jiha da makinta. A jerin da aka buga a 2013, ana bukatar maki 139 daga ɗan Anambra, ɗa namiji daga Yobe kuwa maki 2. Tun a 1988 aka kai ƙara a madadin Adeyinka Badejo, yarinya 'yar asalin jihar Ogun da ba a kira ganawa ba alhali an kira waɗanda ta fi maki daga wasu jihohi. Sai a 1996 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, ta ce bakin alƙalami ya riga ya bushe. Ni dai ina ganin maki 2 ɗin nan ƙara ce a kan makarantun firamarenmu kafin ta zama ƙara a kan kowa, kuma rabon gurabe ya daɗe yana rufa mana wannan asiri.

Saura wani bincike da ya kamata a ambata, don ya taɓa tushen gardamar duka. A 2014 masana tattalin arziki uku, Atila Abdulkadiroglu da Joshua Angrist da Parag Pathak, suka kwatanta yaran Boston da New York da suka tsallake makin shiga da ƙyar da waɗanda suka faɗi da ƙyar, watau yaran da kusan hazaƙarsu ɗaya amma makarantunsu suka bambanta. Suka tarar da cewa sakamakon jarrabawoyinsu na gaba bai bambanta da wani abin kirki ba. Binciken bai shafi abokai da suna da alfaharin da yaro yake samu a irin wannan makaranta ba, bai kuma yi magana kan waɗanda suke can ƙololuwa ba. Duk da haka yana nuna cewa yawancin abin da ake yaba wa makarantun, da shi yaran suka shigo. Ke nan an daɗe da barin jaki ana dukan taiki: yara wajen 27,000 suke zama wa jarrabawar a shekara don gurabe da ba su wuce 5,000 ba, a birnin da yake da ɗalibai kusan miliyan ɗaya, kuma makarantun midil da suka shirya su, ko suka kasa shirya su, ba su taɓa samun rabin hankalin da aka ba ranar jarrabawar ba. Dokar Hecht da Calandra tana nan ba a taɓa ta ba. A ƙarshen 2024 hukumar ilmin birnin ta amince da sabuwar kwangila don a ci gaba da jarrabawar, tare da mayar da ita daga takarda zuwa kwamfuta.