Na'urar da ake maƙala wa marar lafiya a yatsa: me take aunawa, kuma yaushe take kuskure?

A ɗakin gaggawa na asibiti, kafin a tambayi marar lafiya dogon bayani, sau da yawa ma'aikaciyar jinya kan maƙala masa wata ƙaramar na'ura a kan yatsa. Cikin 'yan daƙiƙoƙi lambobi biyu su bayyana: saurin bugun zuciya, da yawan iskar oksijin da jini ke ɗauke da ita. Sunanta oksimita. Annobar korona ce ta fito da ita daga asibitoci zuwa shagunan magani da gidaje, amma masu asma, ciwon zuciya, sikila da daɗaɗɗen ciwon huhu sun daɗe da saninta.

An zaɓi kan yatsa ne saboda wuri ne mai cike da ƙananan hanyoyin jini, ga shi siriri, haske na iya ratsa shi. Kuma idan jiki ya shiga matsi, ko don sanyi, ko zubar jini, ko raunin zuciya, yakan janye jini daga yatsu domin ya wadata ƙwaƙwalwa da zuciya. Shi ya sa yatsa ke saurin tona asirin abin da ke faruwa a ciki.

Yadda take aiki

Wani injiniya ɗan ƙasar Japan, Takuo Aoyagi na kamfanin Nihon Kohden, shi ne ya gano dabarar a 1972. Na'urar tana haska yatsa da haske iri biyu: ja, da wani da ido ba ya gani. Himogulobin, wato sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, idan ya ɗauki oksijin yakan fi shanye hasken da ba a gani. Idan kuwa babu oksijin a jikinsa, jan ya fi shanyewa. Basirar Aoyagi ita ce lura da cewa duk bugun zuciya yana ƙara jini a yatsa na ɗan lokaci, don haka idan aka auna ɓangaren hasken da ke hawa da sauka tare da bugun, an ware jinin da ya fito daga zuciya daga fata, ƙashi da farce.

Mai lafiya yakan nuna kashi 95 zuwa 100 cikin 100. Ƙasa da 90 alama ce ta neman likita ba tare da jinkiri ba. Sai dai ga masu daɗaɗɗen ciwon toshewar huhu, likitoci kan nemi tsakanin 88 da 92, domin yawan oksijin na iya cutar da wasunsu.

Abin lura shi ne na'urar ba ta faɗin yawan jinin da mutum ke da shi. Kashin himogulobin ɗin da ya cika da oksijin kawai take faɗa. Mai sikila da jininsa ya yi ƙasa sosai yana iya nuna 98 alhali gaɓoɓinsa na fama da yunwar iska, kamar motoci kaɗan ne a tasha amma kowace ta cika maƙil. A ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haihuwar jarirai kusan 150,000 masu sikila duk shekara, wannan ba ƙaramin bayani ba ne.

Hayaƙin janareto ma yana yaudararta. Gubar da ke cikinsa tana maƙale wa himogulobin a gurbin oksijin, oksimita ta gama-gari kuwa ba ta bambanta su, sai ta nuna lamba mai kyau ga mutumin da ke bakin mutuwa. Yatsa mai sanyi a lokacin hunturu, rawar hannu, man farce mai duhu da baƙin lalle duk suna iya ɓata sakamako.

Batun launin fata

A Disambar 2020 masu bincike daga Jami'ar Michigan ta Amurka, ƙarƙashin Michael Sjoding, suka wallafa wani nazari a mujallar New England Journal of Medicine. Sun kwatanta abin da oksimita ta nuna da gwajin jinin da aka ɗiba kai tsaye daga jijiya. Cikin awon da na'urar ta nuna 92 zuwa 96, wato ba a shiga haɗari ba, kashi 11.7 cikin 100 na baƙar fata ainihin oksijin ɗinsu bai kai 88 ba. A wajen farar fata kashi 3.6 ne kacal. Kuskuren ya ninka sau uku, kuma ya karkata ne zuwa ɓangare mafi muni: yana nuna lafiya inda babu ita, sai a jinkirta bai wa marar lafiya iska.

Ba sabon labari ba ne. Tun 1990 likitoci biyu, Amal Jubran da Martin Tobin, suka ba da rahoton irin wannan bambanci, aka bar shi a takarda shekara talatin. Tushen matsalar yana wajen gwaji: ana daidaita lissafin na'urar ne da jinin masu sa kai, akasarinsu farar fata. Ƙa'idar hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta 2013 ta wadatu da mutum biyu masu duhun fata, ko kashi 15 cikin 100 na waɗanda aka gwada. Sai a Janairun 2025 hukumar ta fitar da daftarin sabuwar ƙa'ida mai neman a gwada aƙalla mutum 150 masu launin fata daban-daban. A Birtaniya, sakataren lafiya na lokacin, Sajid Javid, ya ba da umarnin bincike a 2021, rahoton ya fito a Maris 2024. Ƙasashen da baƙar fata ke tsiraru ke nan. A nan kuwa, inda kusan kowane majinyaci baƙi ne, na'urorin da ke kasuwa shigo da su ake yi, kuma masu arha da yawa ba a ƙera su don aikin asibiti ba.

Wannan ba dalilin jefar da oksimita ba ne. Ido ya fi ta kuskure nesa ba kusa ba, musamman da yake shuɗin leɓe da ke nuna ƙarancin iska yana da wuyar gani a baƙar fata. Matsalar asibitocin karkara da dama ma rashin na'urar ce ɗungurungum.

Sauran hanyoyin awo

Mafi sauƙi ba ya buƙatar na'ura: a danna farce na daƙiƙa biyar har ya yi fari, a saki, a ƙirga. Launi ya kamata ya dawo cikin daƙiƙa biyu. Idan ya wuce uku, jini ba ya isa yatsa yadda ya dace. Wasu oksimitoci kuma suna nuna lamba ta uku mai auna ƙarfin bugun jini a yatsan. Idan ta yi ƙasa sosai, lambar oksijin ɗin ma abar shakka ce.

Akwai masu lalurar da likitan Faransa Maurice Raynaud ya bayyana a 1862, waɗanda yatsunsu ke ɗashewa, su yi shuɗi, sannan su yi ja idan sanyi ya taɓa su. Su ana ɗiga musu mai a gindin farce a duba hanyoyin jinin da madubin likita. Idan sun kumbura ko sun ragu, alama ce ta cutar da ke taurara fata, wani lokaci shekaru kafin ta bayyana.

Mai ciwon suga kuwa kada lambar yatsan hannu ta kwantar masa da hankali. Ɓarnar da suga ke yi wa jijiyoyi a ƙafa take farawa, can ake duba bugun jini da jin taɓi, aƙalla sau ɗaya a shekara.

Mai auna kansa a gida ya ɗumama hannunsa, ya zauna ya huta, ya zaɓi yatsan da babu lalle ko man farce, ya jira lambar ta tsaya. Ya kuma rubuta awonsa na ranakun da yake lafiya, domin sauka daga lambar da ya saba ta fi awo guda ɗaya ma'ana. Idan numfashi na sarƙewa, ko ƙirji na ciwo, ko hankali na gushewa, a tafi asibiti ko da na'urar na nuna 97.